Gyaran ƙwayar gado: akwai abin da za mu sa rai a kai?

Wata uwa, Jos:
Assalamu alaikum. Jariran ƙanwata biyu sun rasu a jere, babu wanda ya kai ranar suna. Lafiya lau ake haifarsu, amma a rana ta uku sai su ƙi kama nono, barci ya yi musu nauyi, numfashi ya riƙa fita da sauri. A kan na biyun ne likita ya ce wani sinadari mai guba, amoniya, ya taru a jininsa, kuma cutar ta gado ce, ga shi auren zumunci suka yi. Yanzu tana da juna biyu, ba ta iya barci. Shin gyaran ƙwayar gado da ake yi a waje zai taimake mu?

Ma'aikacin lafiya, Abuja:
Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya sa masu ceto ne. Hanta ce ke mayar da amoniyar da furotin ke bari zuwa abin da fitsari ke fitarwa. Idan ƙwayar gadon da ke kula da wannan aiki ta samu matsala, sai amoniyar ta hau ƙwaƙwalwa. A 2025 likitoci a Philadelphia ta Amurka sun haɗa wa wani jariri mai irin wannan cuta magani nasa shi kaɗai cikin kusan wata shida, aka ɗura masa ta jijiya, ya isa hanta ya gyara wurin da ya lalace. Ya samu sauƙi sosai, amma ba a ce ya warke ba. Masana na taka-tsantsan tun 1999, lokacin da Jesse Gelsinger, ɗan shekara 18, ya rasu a gwajin maganin ƙwayar gado na wata cutar amoniya.

Wani malami, Bukuru:
Tsadar ce ke ci mini rai. Maganin sikila na gyaran ƙwayar gado da Amurka ta amince da shi a 2023, Casgevy, dala miliyan 2.2 aka sa masa farashi a lokacin, alhali Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila.

Ma'aikacin lafiya, Abuja:
Gaskiya ne, Malam. Amma Hajiya, idan ƙanwarki da mijinta duka suna ɗauke da ƙwayar, haɗarin jariri ya gaji cutar ɗaya ne cikin huɗu a kowane ciki. Ta haihu a asibitin koyarwa mai sashen jarirai, a sanar da likitoci tun yanzu, domin a auna amoniyar da wuri, kafin jaririn ya fara ƙin nono.

Wata uwa, Jos:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Takardun jariri na biyu suna wurina. Ranar Litinin zan raka ta awo da su, in sha Allah.