Zanen da ke bango ko kunnen tsohon ma'aikaci?

Kawu Makaniki: Salamu alaikum. Maganar da na faɗa jiya a majalisa har yanzu ina kanta. Zanen tafiyar aiki da ake mannawa a bangon ɗakin kula da injuna, wanda yaranmu 'yan makaranta ke kira shema, ba shi ke tafiyar da masana'anta ba. Shekara 24 na yi a matatsar man auduga. Sukundireba nake ɗorawa a jikin famfo, in kara kunne a ƙotarta, in gaya maka ko boris ɗin ciki zai kai mako. Wace takarda ce za ta ji wannan?

Ɗan Marwa: Wa alaikumus salam. Kawu ya faɗi gaskiya. Mu a wajenmu rana da ƙura sun cinye zanen, har lambobin tankuna ba sa karantuwa, kuma aiki bai tsaya ba ko na yini ɗaya.

Ɗiyar Ngaundare: Kawu, Allah ya ƙara girma. Kunnenka ba mai ja da shi, amma famfo ɗaya yake ji a lokaci guda. Zanen kuwa tafiyar gaba ɗaya yake nunawa: angurya ta shiga, a ɓare ta, a dafa, a matse, sauran man da ya maƙale a ƙuli a wanke shi da sinadarin hekzan, sannan a tace da soda. Kowane layi da lambarsa, a ƙasa an rubuta zafinsa da matsinsa da yawan abin da ke bi ta cikinsa a awa guda. Abin da aka fara koya mana ke nan a ENSAI, makarantar injiniyoyi ta Ngaundare, duk abin da ya shiga dole ya fito. Tan 100 na angurya yakan ba da wajen tan 16 na ɗanyen mai. In ka ga 13, mai na tafiya a cikin ƙuli ko yana yoyo a wani wuri, alhali duk injunan na kuka lafiya lau.

Kawu Makaniki: 'Yata, ƙulin nake damƙa a hannu. In maiƙo ya yi yawa tafina zai shaida.

Ɗiyar Ngaundare: Na yarda, Kawu. To hekzan fa? A digiri 69 yake tafasa, tururinsa ya fi iska nauyi, sai ya kwanta a ƙasa ya bi lambatu har ya tarar da tartsatsi. A zafin Afrilu na Garwa, da ma'auni ke wuce 40, ruwan sanyaya shi kansa ɗumi ne. Lissafin da ke jikin zanen ne ke nuna nawa aka zuba, nawa ya dawo tanki. Gibin da ke tsakani yana cikin iskar da ku ke shaƙa, shi ya sa abin ke damuna.

Baban Yasir: Ni daga Injamena nake bin ku. Ku duba matatar man fetur ta Jarmaya, nan Chadi, da aka buɗe a 2011, ganga 20,000 take iya tacewa a rana. Ko bututun mai daga Doba ta Chadi zuwa Kiribi ta Kamaru, kilomita 1,070. Akwai kan da zai haddace wannan? Kuma Kawu, ranar da ka ajiye aiki kunnenka zai bi ka gida. Yaron da ya gaje ka me zai riƙe?

Ɗan Marwa: Malam, ba a nan gizo ke saƙa ba. Bara aka canza mana hanyar wani bututu cikin dare don kada aiki ya tsaya, ba wanda ya taɓa zanen. Sabon yaro ya zo, ya bi takarda tiryan-tiryan, ya rufe bawul ɗin da ya ɗauka na tankin farko ne. Mai zafi ya yi ambaliya har bakin ƙofa, a gabana ya ƙone a ƙafa. Da bai yarda da takardar ba, da ya tambaya.

Ɗiyar Ngaundare: Allah ya ba shi lafiya. Yaya, abu biyu ne. Zanen tafiyar aiki manyan na'urori kawai yake nunawa; kowane bawul da ma'auni da faɗin bututu suna a ɗaya zanen, na bututu da ma'aunai, shi ya kamata a ba yaron. Amma ko shi aka ba shi, tunda ba a gyara ba, ƙarya zai faɗa masa. Irin wannan ne ya faru a wata masana'antar sinadarai a Filiksboro ta Ingila a 1974. Ɗaya daga cikin manyan tukwanen sarrafa sinadari guda shida ta tsage, aka cire ta, aka haɗa ta huɗu da ta shida da bututun wucin gadi mai inci 20. Da alli aka zana shi a daɓen ɗakin ƙira. Ranar 1 ga Yuni wurin ya tashi, mutum 28 suka mutu. Cikakken lissafin ne ba a yi ba.

Kawu Makaniki: Innalillahi. To ai kin zo inda nake. Mu ma a wajenmu, wa ya san an canza bututu? Mu da muka yi waldar. Injiniyan da ya zana bai taɓa leƙo mu ya tambaya ba.

Baban Yasir: Ku ma Kawu ba ku kai masa rahoto ba.

Kawu Makaniki: Mun faɗa da baki, ba a rubuta ba. Ban janye maganata ba, takarda ba ta jin kukan boris. Amma 'yata, in kin shigo Garwa hutu ki taho da jan biro. Zan nemi izinin shugaban sashe mu bi layin tun daga rumbun angurya har tankin ƙarshe, ina nuna miki inda aka canza kina gyarawa. Wurare bakwai na sani a kaina.

Ɗiyar Ngaundare: In sha Allahu, Kawu. Ka ɗauko min hoton zanen tun yanzu, har da kwanan watan da ke kusurwar ƙasa, in ga wace shekara aka yi masa gyaran ƙarshe.