Warin baƙin mai ya hana mu barci

Lawali Mai Shayi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na yi haƙuri har na gaji. Wata huɗu ke nan da aka buɗe izin ɗin nan, wato masana'antar dafa baƙin mai, a bayan unguwarmu. Da an idar da isha'i sai su hura wuta, wari ya taso kamar ruɓaɓɓen ƙwai haɗe da ƙonanniyar taya. Ɗiyata ƙarama tari take yi har asuba. Ranar ruwan Talata na bi kwata da ƙafata, na ga baƙin ruwa mai ƙyalli yana fitowa ta ƙarƙashin katangarsu yana gangarawa, kuma duk ɗan Maradi ya san ruwan tudu gulbi yake nufa. Baƙi sun zo sun tarar da gari ba mai magana, su kwashe riba mu kwashi cuta. Wallahi ba zan yi shiru ba.

Hajiya Tsahara: Allah ya ba yarinya lafiya. Mu ma mun daina shanya a waje.

Sanusi Transit: Lawali, su wane ne baƙin? Mai wurin a garin nan aka yanke mashi cibi, tare muka yi lakwal. Ka janye kalmar.

Lawali Mai Shayi: Yaya Sanusi, ni wari na kawo ƙara.

Sanusi Transit: Baƙi ka ce. Ga shi nan a rubuce.

Ɗan Maradawa: To ƙarya ya yi? Kakansa daga Jibiya ya zo da fatauci, kowa ya sani.

Malam Isufu: Ɗana, in zuwa daga wancan gefen shi ne baƙunci, to sai ka fara daga fada. Mi ya sa ake ce wa sarkinmu Sarkin Katsina? Bayan da jihadi ya ci Birnin Katsina a 1807 ne gidan sarauta ya fito, su Ɗan Kasawa suka zo suka zauna nan. Jibiya da Maradi uwa ɗaya uba ɗaya, Turawa ne suka ja layi tsakani.

Ɗan Maradawa: Baba, da girmanka, akwai wanda ya zo da takobi ya kafa gari, akwai wanda ya zo da buhu ya tarar an kafa. Ba ɗaya ba ne.

Bagobiri Na Tibiri: Da ba don Gobirawa sun tsaya muku ba, da wane garin za ku kafa?

Ɗan Maradawa: Kai kuma wa ya sa da kai? Ka koma zauren Tibiri.

Nafisa Ɗaliba: Iyayena da yayyena, ku yi haƙuri in ce wani abu kan man kansa, don shi muke karantawa a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Man inji ba ya mutuwa, datti yake yi. Yana kwasar toka, ruwa, ragowar esansi da gazuwal, da garin ƙarafa irin su dalma da tutiya. Saboda haka tace shi abu ne mai kyau, tambayar ita ce ta wace hanya. Hanya mai tsabta ita ce a fara dafa shi ruwan ya fita, sannan a turara shi cikin rufaffiyar tukunyar da aka zuƙe wa iska, man kirki ya hau, datti ya zauna. Hanya mai araha kuwa, wadda ƙasashe da yawa suka bari, ita ce a zuba mashi asid mai ƙarfi, irin na batir amma wanda ba a sirka ba, sannan a tace da farar laka. Wannan tana barin baƙin tuƙa kamar kwalta mai cin fata, kuma tana tashin warin farar wuta. Warin da Yaya Lawali ya siffanta ya sa ni tunanin ta biyun, amma sai an shiga an duba. Abin da za mu tambaya shi ne ina suke kai tuƙar, kuma ƙasan wurin da siminti ko babu. Lita ɗaya ta baƙin mai tana iya ɓata ruwan sha har lita miliyan ɗaya, kuma rijiyoyin masu lambu a gulbi ba su da zurfi.

Hajiya Tsahara: Allah ya yi maki albarka ɗiyata.

Sanusi Transit: Miliyan? Wa ya auna? Ƙanwata, karatun takarda daban, kasuwa daban. Kuma har yanzu ba a janye kalmar ba.

Usta Habu Makanike: Ni dai ga tawa. Shekara ashirin ina bidanj a garaji. Kafin su zo, ina kuke zaton baƙin man yake tafiya? Masu bulo su ɗiba su shafa wa abin bugu, kafintoci su shafa wa katako saboda gara, mata su zuba a masai saboda sauro, har masu shafa wa akuya mai ƙazuwa. Abin da ya rage kuwa, gaskiya ɗaya ce, kwata muke juyewa. Yanzu mota na zuwa duk sati ta ɗauki tano biyu, a biya ni. Gaban garajina ya bushe, ku zo ku gani. Wanda ya ce a rufe wurin, ya faɗa mini inda zan kai man.

Nafisa Ɗaliba: Usta, maganarka gaskiya ce, shi ya sa ban ce a rufe ba. Amma in an tattara na garaji ɗari aka zubar da tuƙarsa wuri guda, unguwa ɗaya ce za ta ɗauki na kowa.

Hajiya Tsahara: Habu, ashe kai ne kake juye muna shi a kwata duk shekarun nan? Ka faɗa da bakinka!

Usta Habu Makanike: Hajiya, ɗanki Bashari yarona ne a garaji, shi yake ɗaukar bokitin.

Hajiya Tsahara: Kar ka sa ɗana a bakinka. Wata uku ba ka ba shi ko dala ba.

Ɗan Maradawa: Ga hoto, ku ga abin da baƙin naku suke yi. Mutane kwance a gidan likita.

Sanusi Transit: Wannan hoton Abijan ne, na sharar da jirgin ruwa ya kawo a 2006. Dubi lambar motar da ke baya. Ka ji tsoron Allah.

Ɗan Maradawa: Ko na ina ne, abu ɗaya ne. Haka aka jibge wa mutanen Koko a Najeriya guba daga Italiya a 1988. Kullum daga waje ake kawo mana.

Malam Isufu: Wancan shara ce ta Turai, ita ce aka yi yarjejeniyar Bamako a 1991 don a hana shigo da ita Afirka. Wannan kuwa man motocinmu ne da na kabu-kabunmu. Kada a haɗa.

Ɗan Maradawa: Wa ya tabbatar ba a hawo da shi ta Ɗan Isa da dare?

Sanusi Transit: Ni nake aikin iyaka, ban taɓa gani ba.

Ɗan Maradawa: Ai ba za ka gani ba.

Bagobiri Na Tibiri: Ku yi ta faɗan asali. Mu a Tibiri mun san abin da ruwa yake yi. Shekaru ana shan ruwan pampo ana cewa lafiya lau, sai da ɗaruruwan yara suka tashi da lanƙwasassun ƙafafu da jajayen haƙora. Ƙanena yana cikinsu, yana nan da rai, ku zo ku gan shi.

Sanusi Transit: Allah ya ba shi sauƙi, amma wancan sinadari ne na cikin ƙasa, ba izin ba ne ya zuba.

Bagobiri Na Tibiri: Na sani. Abin da nake cewa a auna ruwa tun da wuri.

Nafisa Ɗaliba: Akwai doka ma. Dokar muhalli ta 1998 da ta 2018 sun ce irin wannan aiki sai an yi binciken illarsa kuma an ji ta bakin mazauna wurin, hukumar BNEE mai binciken illar ayyuka ga muhalli ce ke dubawa. Akwai wanda aka kira taro a cikinmu?

Ɗan Maradawa: Ina za a kira mu, tunda gari ya zama na baƙi.

Sanusi Transit: Ka sake faɗa! Unguwar da kake taƙama da ita, ai bayan ambaliyar 1945 aka hawo da kowa tudu. Kakanka ma sabon zuwa ne a filin da yake.

Malam Isufu: Subhanallahi. Ku bar kakanni su huta.

Lawali Mai Shayi: Jama'a, yanzu haka sun kunna. Wanda ke kusa ya fito ƙofar gida ya shaƙa.

Alhaji Mamman, shugaban zaure: Salamu alaikum. Na karanta duka, ga abin da na fahimta. Mafi yawan jama'a sun yarda wurin nan alheri ne, kuma Usta Habu da yake cikin sana'ar ya ba da shaida, ɗalibarmu ma ta ce tace mai abu ne mai kyau. Yara fiye da goma na unguwar nan suna cin abinci a can, biyu daga gidana, kuma ban ji ɗayansu ya yi kuka ba. Hoton da aka kawo ya tabbata na wata ƙasa ne. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne kiran ɗan gari baƙo, a garin da kasuwa ta gina, wanda duk arzikinsa shige da fice ne tsakaninmu da Katsina da Kano. Lawali, ƙanena ne kai, ka nemi afuwa kan wannan kalmar, Ɗan Maradawa kuma na cire shi na kwana uku. Batun wari, iskar damina ce ke juyowa da shi, ni da kaina zan yi wa mai wurin magana ranar Juma'a bayan masallaci ya ƙara wa bututun tsawo. Na rufe zaure sai da safe.