Tambaya a kan ƙidayar ƙagaggen harshe: goma ko goma sha biyu?

Ɗan Masunta ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar harsuna da lissafi. Kusan shekara guda ke nan ina rubuta wani dogon labari na wasu masunta da ke zaune a tsibiran wani tafki, kuma da yake ba na son su yi magana da harshen da mai karatu ya sani, sai na ɗauki aikin ƙaga musu harshe nasu na kansu. Sunayen kifaye da kayan su da kalmomin gaisuwa duk sun zo mini da sauƙi, amma da na iso kan ƙidaya sai aikin ya cije.

Niyyata su riƙa ƙirga da goma sha biyu a matsayin tushe, maimakon goma da muka saba. Ga kalmomin da na tsara daga 1 zuwa 12: an, bel, kor, dim, hul, sen, sem, wat, yiru, gab, nof, dura. Daga nan 13 ta zama dura-an, 24 kuma bel-dura, wato dura biyu. Abin da ya dame ni shi ne, mutanen labarin yatsu goma gare su kamar kowa, don haka ina tsoron mai karatu ya ga ba su da dalilin yin irin wannan ƙirga. Sannan ban san yadda zan yi da 144 ba, ko in ba ta kalmarta ko in ce dura-dura, haka nan ban yanke shawara a kan sifiri da rabi da sulusi ba. Wanda ya san yadda masu ƙaga harsuna suka warware wannan, don Allah ya taimaka.

Ɗalibin Harsuna ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, shawarata ka fara duba Esperanto, wanda likitan ido Zamenhof ya fitar a birnin Warso a 1887, domin a ganina babu ƙagaggen harshen da ya kai shi tsabtar ƙidaya. Daga ɗaya zuwa goma ana cewa unu, du, tri, kvar, kvin, ses, sep, ok, naŭ, dek, sai cent ɗari, mil dubu. Da waɗannan kalmomi goma sha biyu kaɗai mutum zai ƙirga har ya kusa miliyan ba tare da ya haddace wata sabuwa ba, saboda ƙa'idar guda ce: ƙaramar lamba idan ta gabaci babba to ninki ne, idan ta biyo bayanta kuwa ƙari ne. Dudek ashirin ke nan, dek du kuma goma sha biyu. Shekarar 1887 kanta ana faɗarta mil okcent okdek sep. Ka ga wannan ita ce ƙa'idar da ka bi a dura-an da bel-dura, saboda haka kana kan hanya.

Inda za ka fi amfana shi ne ɗafa-ƙeyar da yake liƙa wa lambobin, wato ɗan ƙarin da ake sawa a ƙarshen kalma. Idan aka sa -a, an sami jeri: unua na ɗaya, dua na biyu. Idan aka sa -ono, an sami kaso: duono rabi, triono sulusi, kvarono rubu'i. Da -obla ake nuna ninki, da -ope kuma ake cewa mutane sun zo su biyu ko su uku tare. Abin da mu muke yi da maimaitawa, bibbiyu ko uku-uku, shi da 'yar kalma po yake yin sa. Kai ma ka ƙagi ɗafa-ƙeya uku ko huɗu, matsalar rabi da sulusi ta ƙare.

Game da 144, ka ba ta kalmarta. Volapük, wanda wani limamin coci Bajamushe mai suna Schleyer ya ƙaga wajen 1879, ya fara ne da sa harafin jam'i a kan lamba don samar da gomomi, bal ɗaya bals goma, tel biyu tels ashirin, amma a gyaran da aka yi masa a 1931 sai aka ba goma kalmarta, deg. Lambar da ta zama matakala a ƙirga tana bukatar sunan da kunne zai kama nan take.

'Yar Maraɗi ta amsa:

Ina gaishe ku. Bayanin ɗan'uwa Ɗalibin Harsuna ya yi kyau, amma ban yarda Esperanto ne abin koyi a nan ba. Zamenhof ya yi harshensa ne don baƙi daga ƙasashe daban-daban su koya cikin hanzari, shi ya sa ya share duk wani karkace. Malam Ɗan Masunta kuwa harshen mutanen da suka gaji kakanni yake son yi, kuma ƙidayar irin waɗannan mutane ba ta taɓa zama sumul, domin tana ɗauke da tarihin kasuwarsu da maƙwabtansu.

Mu dubi tamu Hausar. Daga ɗaya zuwa goma namu ne, ɗari da dubu ma mun daɗe da su, amma ashirin, talatin, arba'in har zuwa casa'in duk daga Larabci suka shigo ta hanyar karatu da fatauci, suka ture tsohuwar hanya ta gomiya biyu, gomiya uku, wadda har yanzu akan ji ragowarta a bakin dattawa masu cewa gomiya tara. Haka metan da arbaminya da hamsaminya. Muna kuma ƙirga ta ragewa, mu ce ashirin ba ɗaya ko talatin biyu babu. Sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni kuwa malaman rabon gado ne suka fi riƙe su, talaka a kasuwa rabi ya sani sai kashi ɗaya cikin uku. A nan Nijar abin ya fi haka ban sha'awa, domin kuɗi da dala muke ƙirga shi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce, saboda haka idan mai tumatir ta ce miki dala ashirin, sefa 100 take nufi, jika kuma sefa 1,000 ce. Baƙon da ya koyi ƙidayar Hausa a littafi, ranar farko a kasuwar Maraɗi sai ya rikice. Ga Faransanci da muka koya a lakwal, inda 80 take quatre-vingts, wato ashirin huɗu, ragowar wata tsohuwar ƙirga da ashirin. Fulatanci kuma daga shida zuwa tara a kan biyar yake gina su, biyar da ɗaya, biyar da biyu.

Saboda haka, Malam, ka tambayi kanka da wa masuntanka suke ciniki. Idan fatake masu ƙirga da goma suna zuwa sayen bandar kifi a wurinsu, to ya dace a ce manyan lambobin aro ne daga harshen fataken, ƙananan kuma nasu na gado. Sifiri kuwa ni a ganina ka bar shi. Masuncin da ya dawo hannu wofi cewa zai yi babu, kuma mu ma sifirin daga Larabci muka samo shi tare da lissafin rubutu.

Ɗan Masunta ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Malama, maganarki ta buɗe mini ido, domin lalle akwai fatake a cikin labarin, ban dai taɓa tunanin za su bar sawu a harshen ba. Saura tambayata ta farko: da wane dalili mai yatsu goma zai ƙirga da goma sha biyu?

Malamin Lissafi ya amsa:

Ƙanena, dalilin yana tafin hannunka. Ka buɗe hannun dama, ka sa babban yatsa ya riƙa taɓa gaɓoɓin sauran yatsu huɗu kamar yadda muke yi wajen tasbihi bayan salla, za ka samu uku-uku sau huɗu, goma sha biyu ke nan. Wannan ya dace da masunci fiye da kowa, saboda hannu ɗaya yana riƙe da koma ko yana jefa kifi cikin kwando, ɗayan shi kaɗai yana ƙirga. Idan kuma ya samu sarari ya riƙe kowace dura da gaɓa ɗaya ta hannun hagu, zai kai 144 daidai lokacin da hannayen biyu suka cika, don haka ina goyon bayan a ba ta suna na musamman, har ma sunan ya fito daga kalmar da ke nufin cika a harshen naka.

Kada ka ɗauka abin tatsuniya ne kawai. A cikin harshen Gwandara, wanda yake ɗan'uwan Hausa na kusa, akwai karin Nimbiya da masana suka rubuta cewa da goma sha biyu yake ƙirga, inda tuni take 12, wo kuma 144. Mu ma kafin naira ta zo a 1973 kwabo goma sha biyu ne sule, sisi rabinsa, taro rubu'insa, kuma iyayenmu da ba su shiga aji ba suna wannan lissafi da ka ba tare da kuskure ba. Amfanin goma sha biyu shi ne tana rabuwa biyu, uku, huɗu da shida ba saura, alhali goma biyu da biyar kawai take karɓa. Masunta uku ko huɗu da suka fita a kwalekwale ɗaya za su raba dura guda ba gardama. Wannan ne ma ya sa masu rabon gado suke yawan komawa kan 12 da 24 idan rubu'i ya haɗu da sulusi ko sumuni ya haɗu da sudusi.

Masu ƙaga harsuna da suka yi abin kirki duk sun ɗaure ƙidaya da rayuwar masu harshen. Paul Frommer, da ya ƙaga harshen Na'vi don fim ɗin Avatar na 2009, ya sa masu harshen su ƙirga da takwas saboda yatsu huɗu gare su a kowane hannu, vol takwas, mevol goma sha shida, zam sittin da huɗu. Toki Pona na Sonja Lang, wanda ya fito a 2001, da gangan ya ƙi manyan lambobi: wan ɗaya, tu biyu, luka hannu ko biyar, har 13 ta zama luka luka tu wan.

Gyara ɗaya nake roƙon ka yi, kuma na ɗauke shi da muhimmanci. Sen da sem sun yi kama da yawa, kuma maƙwabtan juna ne, shida da bakwai. Mutanen da ke kiran lamba daga wannan kwalekwale zuwa wancan cikin iska da ƙarar ruwa ba za su jure haka ba, da tuni bakinsu ya raba kalmomin. Esperanto kansa yana da wannan rauni a ses da sep. Masu Lojban, wanda aka fara aikinsa a 1987, sun kula da wannan sosai: pa, re, ci, vo, mu, xa, ze, bi, so daga ɗaya zuwa tara, sai no sifiri, kowace lamba da baƙinta na daban, wasulan ɗaya zuwa tara kuma suna zagayawa a jere. Ka canja sem gaba ɗaya, sannan ka sa wani ya tsaya nesa da kai a fili, ka kira masa lambobin goma sha biyu a hargitse, ya rubuta abin da ya ji. Duk guda biyun da ya gauraya, sai ka sake wa ɗayarsu baƙin farko da wasali, ka maimaita gwajin.