Jiƙon kafe mai sanyi: ƙyalle ya isa, ko sai da takarda?

Mai shayi, Wadata:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Maganata ita ce, wanda ke tace jiƙon kafe mai sanyi da takardar tace kafe kuɗinsa yake zubarwa, ɗanɗanon ma yana tafiya. Giram 125 na ɓarzajjen kafe, ruwa lita 1, awa 16 cikin firigo, a juye ta farin ƙyallen auduga ninki biyu, an gama. Takarda tana toshewa kafin rabin lita ya wuce, kuma abin da ke fitowa salam yake, ba nauyi a baki.

Hajiya mai gidan abinci, Filato:
Wa'alaikumus salam. Ɗana, awonka daidai ne, amma zuba wancan jiƙon cikin buteli mai haske ka bar shi ya kwana. Da safe za ka ga laka a gindi, kuma ranar ta biyu ɗaci ya ƙaru. Lakar nan garin kafe ne da ya tsallake ƙyalle, yana nan cikin ruwa yana ci gaba da jiƙuwa. Wanda zai sha nan take ƙyalle ya ishe shi. Wanda zai ajiye don masu saye, bai isa ba.

Mai gasa kafe, Katako:
Hajiya, a gafarce ni, ku duka biyu kun fara daga ƙarshe. Toshewar takarda da lakar buteli asalinsu ɗaya, wato niƙa. Mafi yawan mutane a nan turmi suke sa wa kafe, ko injin nan mai wuƙa na niƙa kayan yaji. Dukansu suna fidda tsaki da gari lilis a haɗe. Jiƙo yana son tsaki zalla, mai girman gishirin gargajiya. In ba ka da inji mai haƙora da ake saita girman niƙa, ka tankaɗe da rariyar gari tun kafin ruwa ya taɓa shi: abin da ya tsaya a sama shi ne na jiƙo, wanda ya faɗa ƙasa a ajiye shi don dafawa da ruwan zafi. Sannan garin kanti da aka niƙa don injin espresso kada ma a gwada shi, babu matacin da zai gyara shi.

Mai shayi, Wadata:
To Yaya, ai ka goyi bayana kenan. In an tankaɗe, me ya rage wa takarda?

Malamin kimiyya, Yantala:
Ya rage da yawa, ƙanena. Ramin rariya yana kai mikiron ɗaruruwa, kuma wani garin yana manne jikin tsakin, sai ya shiga ruwa yake saki. Ƙwayoyin garin da ke gurɓata jiƙo ba su kai mikiron 100 ba, mikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Ramin takardar tace kafe yana wajen mikiron 20. Saƙar ƙyalle ta fi haka faɗi, kuma tana ƙara buɗewa in an ja ta. Sai maganar nauyin da kake ji a baki: maiƙon kafe ne da garin nan. Cikin maiƙon akwai sinadaran cafestol da kahweol, waɗanda aka tabbatar suna ɗaga kolastarol, wato kitsen jini, takarda kuma tana riƙe kusan dukansu. Mai sha kullum da likita ya ja masa kunne kan kitsen jini, takarda ta fi masa.

Hajiya mai gidan abinci, Filato:
Allah ya gafarta Malam, akwai matakin da ba wanda ya ambata, kuma shi ke hana toshewa. Bayan an fid da tsakin da rariya ko ƙyalle, a maida ruwan firigo awa 6 ko kwana guda ba tare da an motsa shi ba, sannan a tsiyaye a hankali, kamar yadda ake yi wa ƙullun koko, a bar kaurin yatsa ɗaya a gindi. Wannan ruwan saman ne ake bi da shi ta takarda. A jiƙa takardar da ruwa tukuna, ta manne da mazurari, warin takarda kuma ya fita. A zuba kaɗan-kaɗan. In ɗigon ya ragu sosai a canza sabuwa, kada a sa cokali a gauraya, yagewa za ta yi.

Kuma don Allah a daina matse ƙyalle. Giram 125 na kafe yana shanye ruwa kusan mililita 250, saboda haka lita 1 ba zai ba ka fiye da 750 ba. Mutum ya ga haka sai ya murɗe ƙyallen don ya ƙwato sauran, ya tura gari da bauri cikin abin da ya riga ya tace.

Mai sayar da ruwan sanyi, Bukoki:
Tambaya gare ni, Malam. Da damina in ruwan kogi ya yi ja, alif muke sa wa, ko dakakken ƙwallon zogale, ya kwanta garau. Me zai hana a sa ɗan kaɗan cikin jiƙon a huta?

Malamin kimiyya, Yantala:
Kada ki yi, ƙanwata. Alif yana aiki da kyau a ruwan da ba shi da tsami, jiƙon kafe kuwa ma'aunin pH ɗinsa wajen 5 ne, wato yana da ɗan tsami, saboda haka ba zai dunƙule lakar yadda kika saba gani ba, sai ya bar bauri da alminiyom cikin abin sha. Zogale kuma yana ƙara abin da ƙwayoyin cuta ke ci cikin ruwan da ba za a tafasa ba. In ruwanki ne ya gurɓace, ki gyara shi daban, ki tafasa, ya huce, sannan ki jiƙa kafe.

Mai shayi, Wadata:
Na yarda da tsiyayewa, na yarda da barin matsa. Amma a kan tebur lakar ta fi saurin kwanciya, firigo jinkiri yake kawowa.

Malamin kimiyya, Yantala:
Gaskiya ne, ruwa mai digiri 4 ya fi mai digiri 20 kauri da kusan rabi, ƙwayoyin garin suna sauka a hankali. Amma a Yamai cikin Afirilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, kuma wannan abin sha ne da wuta ba ta taɓa ba. Jiƙo da kwanciya duka a firigo, ƙasa da digiri 5. In an ɗauke wuta kada a riƙa buɗe ƙofar, in kuma ya daɗe har butelin ya yi ɗumi, a zubar.

Mai gasa kafe, Katako:
Kai mai son ƙyalle, to ka kula da shi. Maiƙo yana maƙalewa a zaren ya yi hamami cikin zafin nan. A ɗauraye da ruwa zalla nan take, ban da sabulu mai ƙanshi, a tafasa shi minti 10 duk mako. Kafe irin robusta na Kodebuwa, wanda ya fi irin arabika na Habasha ɗaci, shi ya fi nuna laifin tacewa.

Mai shayi, Wadata:
Na buteli da zai kwana zan sa masa takarda, Hajiya. Na tebur da ake sha da madara da ƙanƙara a ranar, ƙyallena yana nan. Kwana nawa na takardar ke yi?

Hajiya mai gidan abinci, Filato:
A buteli na gilas da aka wanke da ruwan zafi, a rufe gam, ba a haɗa da sukari ko madara ba, kada ya wuce mako ɗaya. Ka rubuta ranar a jikin murfin. Tunda awon 125 mai kauri ne, a sirka shi da ruwa daidai wa daida lokacin zubawa a kofi.