Daga ina sabon mai kallo zai kama shirin Doctor Who?

Da masoya Doctor Who, shirin talabijin na almarar kimiyya na BBC, suka tattauna wannan tambaya, akasarinsu sun ba da shawarar kada sabon shiga ya fara daga 1963, shekarar da aka soma shirin, domin kashi-kashin farko baƙi da fari ne, labarinsu kuma yana tafiyar hawainiya. Sun fi son a kama daga 2005, lokacin da aka farfaɗo da shi bayan an dakatar da shi a 1989, saboda an tsara zangon ne don wanda bai san Dakta, jarumin shirin, ko jirginsa TARDIS mai keta zamani ba. Wasu kaɗan sun zaɓi 2010, sa'ad da Matt Smith ya karɓi matsayin Dakta, kuma a ganina hujjarsu ba ta da rauni.

Wanda ya ƙwallafa rai a kan tsofaffin kuwa, an gargaɗe shi cewa zai tarar da giɓi, tunda BBC ta goge faya-fayai da dama. An shawarce shi ya nemi kashi guda tara na zamanin Patrick Troughton, ɗan wasa na biyu da ya fito a matsayin Dakta, waɗanda aka gano a wata tashar talabijin a Jos, aka sanar a 2013.