Muhawara: Fara karatun halayyar ɗan Adam a kwalejin shekara biyu, dabara ce ko koma-baya?

Kawu Sale: Assalamu alaikum jama'ar Bronx. Ina da magana, kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Yaran nan namu masu son karanta ilimin halayyar ɗan Adam, duk wanda aka tura kwalejin shekara biyu da sunan daga baya zai koma jami'a, an ɗora shi a doguwar hanya ne. Masu bincike a jami'ar Columbia sun daɗe suna bin sawun wannan. Kusan 80 cikin 100 na masu shiga irin waɗannan kwalejoji a Amurka suna cewa digiri suke hari, amma masu samunsa cikin shekara 6 ba su kai 20 cikin 100 ba. In yaro yana da makin shiga manyan kwalejojin shekara huɗu irin su Lehman ko Hunter, a kai shi can kai tsaye.

Maman Zainab: Wa alaikumus salam Kawu. Ban musa alƙaluman ba, amma su wa aka ƙirga a ciki? Har da mai tuƙin tasi da dare, da uwa mai 'ya'ya uku da ke ɗaukar kwas biyu kacal a zango. Ɗawainiya ce ta tsayar da su. 'Yata Zainab, mai son karanta fannin nan, tana gida, ci da kwana a kanmu suke. Ga kuma kuɗi: kwalejojin shekara biyu na CUNY, jami'ar birnin New York, dala 4,800 ne a shekara ga mazauna birni, na shekara huɗu kuma 6,930.

Kawu Sale: To ai kin kawo mini hujja, 'yar'uwa. Bambancin dala dubu biyu ne da 'yan kai. Gidan da ya cancanci tallafin karatu na Pell na gwamnatin tarayya da na TAP na jihar New York, sau da yawa ko can ko nan an biya masa.

Malam Idi: Kawu, a nan ka yi gaskiya, kuɗin makaranta kaɗai bai isa hujja a New York ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne shirin ASAP na kwalejojin shekara biyu na CUNY, wanda aka fara a 2007. Ana taimaka wa ɗalibi da littattafai da katin jirgin ƙasa da bas, sannan a haɗa shi da mai ba da shawara da zai riƙa gani a kai a kai. Da aka gwada shi, 40 cikin 100 na 'yan shirin sun kammala cikin shekara 3, waɗanda ba sa ciki kuwa 22. Yarinyar da Turancinta ko lissafinta bai gama nuna ba, wannan riƙon ya fi mata babban suna.

Nura: Iyayena, ku ba ni dama. Ni na bi hanyar, kuma na sha wuya. Na yi shekara biyu a wata kwaleji a wata jiha, na dawo nan. Ranar da na zauna gaban jami'ar rajista, ta juyo mini da fuskar kwamfuta, ta bi kwasa-kwasaina da biro ɗaya bayan ɗaya. Kwas ɗin ƙididdiga da na yi a sashen lissafi, ta ce sashen halayyar ɗan Adam nasa yake so, sai na sake. Kwas ɗin halayyar yara kuma an karɓa, amma a matsayin kwas na zaɓi, bai rage mini komai a fannin ba. Hukumar GAO mai bin diddigin ayyukan gwamnatin tarayya ta fitar da rahoto a 2017 cewa masu canja makaranta suna asarar kimanin 43 cikin 100 na kiredit ɗinsu, wato ma'aunin kwasa-kwasan da suka riga suka ci. Kuma Pell zango 12 ne iyakarsa a rayuwa, duk kwas ɗin da aka sake ya ci daga ciki.

Malam Idi: Sannu Nura. Amma wancan adadin ya haɗa kowane irin canji, har daga makarantu masu zaman kansu. A cikin CUNY, tun 2013 akwai tsarin Pathways: kiredit 30 na darussan gama-gari suna bin ɗalibi duk inda ya koma.

Anti Hadiza: Ku yi haƙuri na shigo a makare, yanzu na tashi daga aiki. Ni a wannan fanni nake cin abinci, kuma ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. Kuna ta gardama kan shekara biyun farko, alhali a fanninmu digirin farko ma bai ba mutum izinin zama da mara lafiya shi kaɗai ba. A jihar New York, kafin a kira ka masanin halayyar ɗan Adam mai lasisi sai ka yi digiri na uku. Mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, irina, sai digiri na biyu mai kiredit 60, sannan awa 3,000 na aiki ƙarƙashin kulawar wani. Likitan da ke rubuta magani kuwa makarantar likitanci ya yi, hanyarsa daban.

Saboda haka a fara tambayar Zainab wanne take so. In shawara ce ko aikin jin daɗin jama'a, wallahi kwalejin shekara biyu ba ta rage ta da komai, daga can na fito. Ajinmu ƙarami ne, malamar da ta koya mana gabatarwar fannin ta san sunan kowa, ita ta rubuta mini takardar shaida ta farko. In kuwa digiri na uku take hange, maganar Kawu tana da nauyi, amma ba don dalilin da ya kawo ba. Masu ɗaukar ɗalibai a wannan matakin suna duba ko ka taɓa aiki a ɗakin binciken wani farfesa, ka tattara bayanai, ka yi musu lissafi. Malaman kwalejin shekara biyu koyarwa ce babban aikinsu, ɗakunan bincike kaɗan ne. Wadda ta koma jami'a a shekara ta uku ta tarar takwarorinta sun riga sun kama wuri, ita kuwa zango huɗu suka rage mata. Ana iya cike giɓin, amma sai ta fara ƙwanƙwasa ƙofofin farfesoshi tun makon farko.

Kuma ina roƙonku kada a sare wa yaran nan gwiwa. Ni kaɗai na san iyayen da ke zuwa wurina don kawai za su faɗi damuwarsu da Hausa ba tare da tafinta ba. Muna da ƙarancin irinsu ƙwarai.

Yaya Bashir: Mu a Kalifoniya lissafin daban ne. Kiredit ɗaya dala 46 ne ga ɗan jiha, kuma tun dokar 2010 wanda ya kammala shaidar canja makaranta a wannan fanni yana da tabbacin gurbi a jami'o'in jiha na CSU, ko da ba lallai a reshen da ya zaɓa ba. A nan kam ban ga abin gardama ba.

Kawu Sale: Bashir, naku daban. Hadiza, na ji, Allah ya saka. Amma ina nan kan bakana game da yaro mai maki. Yarinya 'yar shekara 18 ba lallai ta san yau ko za ta so digiri na uku ba, to me ya sa za a ƙuntata mata ƙofa tun yanzu?

Maman Zainab: Ita dai ta ce da yara take son aiki, a makaranta. Anti, in mun tsaya kan Bronx Community College ko Hostos, me za mu fara yi?

Anti Hadiza: Ku zaɓi jami'ar da za ta koma tun kafin rajistar zangon farko. Ku buɗe jerin kwasa-kwasan sashen can, ku je da shi wurin mai ba da shawara, a nuna muku a rubuce wane kwas ne zai tsaya a madadin wane, musamman ƙididdiga da dabarun bincike. Aikin makaranta kuma yana da nasa digiri na biyu da takardar shaidar jiha. Ki turo mini ita ranar Asabar bayan la'asar, mu zauna.