Kwana shida: ga baiti, mai iyawa ya karɓa

Baba Na-Fagge:
Salamu alaikum. Yau 5 ga Yuni. Rana irin ta yau a 1967, ranar da yaƙin kwana shida ya ɓarke tsakanin Isra'ila da ƙasashen Larabawa, ina ɗan shekara 11, ina riƙe wa mahaifina almakashi a shagon ɗinki. Akwatin rediyo ɗaya ne a layinmu, mai batir ƙato kamar bulo, ana ɗora shi kan keken ɗinki, wani malami da ya yi karatu a Azhar yana fassara mana tashar Sautul Arab ta Masar, ƙasar Shugaba Jamalu Abdul Nasir, inda Ahmad Sa'id ke ba da labarai. Kwana shida kafin nan Ojukwu ya ce ya ɓalle, amma ranar ba wanda ya tuna da shi.

Ran Litinin da sanyin safe,
Jirage suka taho a lafe,
Idon Masar yana a rufe,
Suka yi ɓarin wuta a hamada.

Jiragen Masar wajen ɗari uku,
Suna a jere tun duku-duku,
Ba su ga sama ba balle teku,
Aka ƙone su tamkar takarda.

Mu ko a Fagge muna ta murna,
Ahmad Sa'id yana magana,
Wai an kakkaɓo su da rana,
Gobe sai Tel Abib, mun yarda.

Baba ya raba goro ƙwarya,
Ashe duk zancen nan ƙarya,
An bar takalma bisa hanya,
Yaƙi ya ƙare kwana shida.

Sina ta tafi, Gaza ta bi ta,
Gaɓar Yamma aka haɗa da ita,
Golan da Ƙudus suka bi sahunta,
Cika-baki ya jawo rashin gida.

Bazazzage:
Allah ya ja kwana, Baba. Na karɓa, kuma ban zo da sauƙi ba.

Bakano in an ce asara,
Lissafin goro zai fara,
Ya mance wa ya kori Nasara,
Ya maido da Suwes cikin gida.

Jamalu bai fara harbi ba,
Wanda ya fara ba ka faɗa ba,
Dayan da Rabin ba ka taɓa ba,
Sai mai rediyo ka bi da sanda.

Dayan shi ne ministan tsaron Isra'ila a lokacin, Rabin kuma babban hafsan sojanta.

Jauro:
Kai! Zariya gidan karatu. Baba, a koma Kantin Kwari a auna yadi, nan an rufe kasuwa.

Baba Na-Fagge:
Jauro, kai ɗan amshin shata ne, ba da kai nake ba.

Yaro man kaza, ka ji rana,
Ka zo da zance babu ma'ana,
Wa ya rufe Tiran, faɗa mana,
Ya ce wa sojan Majalisa su bar hamada?

Wa ya tura soja zuwa Yaman,
Ya sa Husaini barin Amman,
Ya zo Alƙahira don zaman
Sa hannu, Ƙudus ta bar shi har abada?

Ran nan Amir yana can sama,
Masu harbi ba a ba su dama,
Gudun su taɓa mai girma,
Ka ga sakaci ya zama al'ada.

Husaini Sarkin Jodan nake nufi, Amir kuma babban kwamandan sojan Masar.

Mai Sikeli:
Afuwa, ni ban shiga siyasarku ba. Baba, da girmanka, ɗango na huɗu a baitin farko na martaninka gurgu ne. 'Yan'uwansa gaɓa 9 da 10, shi 14. Shi ko Bazazzage ya jera mana "ba, ba, ba" kamar ɗan makarantar allo a babbaƙu, wai amsa-amo ke nan.

Na ɗora baitin kan sikeli,
Na duba shi da idon aruli,
Ɗango ya zarce ba dalili,
Kamar rawanin sabon jakada.

Bazazzage:
Gari na ci da wuta, Mai Sikeli,
Kai kana awon toka a kwali,
Da kai aka bai wa tsaron fili,
Bam za ka ƙirga, ka ba da shaida.

Baba Na-Fagge:
Yau ni da Bazazzage bakinmu ɗaya, Allah mai iko. Malam, waƙata rerawa ake yi. Ka ja numfashi ka wuce "Majalisa" da gudu, za ka ji ta zauna daram.

Mai Sikeli:
Ba ta zauna ba, tsugunawa ta yi. Ko nauyi za a bi a bar ƙirga, "sojan" kaɗai gaɓa biyu ne masu nauyi, ga "bar" ta biyo baya. Ga gyara kyauta: "Ya kori masu tsaron hamada." Gaɓa 10 cif.

Baba Na-Fagge:
Masu tsaron hamada su wa, 'yan sintiri? Sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya ne da aka girke tsakanin Masar da Isra'ila tun bayan yaƙin 1956. Nasir ya ce su tattara a tsakiyar Mayu, U Thant, Sakatare-Janar na Majalisar, ya kwashe su, mako bai cika ba aka rufe mashigin Tiran ga jiragen ruwan Isra'ila. Ka gyara min kari ka cinye min tarihi, ban yarda ba.

Mai Sikeli:
To sai ka rubuta zube, wa ya hana ka? Wanda ya shigo fagen waƙa ya yarda a auna shi.

Sabon Shiga:
Ni ma ga nawa, a yi haƙuri.

Yaƙi ba shi da kyau ko kaɗan,
Larabawa da Yahudawa ku daina faɗan,
Allah ya ba mu zaman lafiya a duniya baki ɗaya amin.

Ɗan Damagaram:
Ku bar raina Mai Sikeli, a wannan yaƙin gaɓa ta yi aikin da tankar yaƙi ba ta yi ba. Ƙuduri na 242 na Kwamitin Sulhu, 22 ga Nuwamba 1967, wakilin Birtaniya Lord Caradon ne ya gabatar da shi. Kwafin Ingilishi ya ce Isra'ila ta janye daga "yankuna" da ta mamaye. Na Faransanci, wanda mu muka karanta a makaranta, ana fahimtarsa da "yankunan". Ɗaya ya bar ƙofar a ce wasu, ɗaya ya ce duka.

Kar ku raina guntun harafi,
Wani sa'in ya fi igwa ƙarfi,
An ɗauke shi a wancan shafi,
A wannan an bar shi ya ba da shaida.

"Yankuna", in ji mutan Landan,
"Yankunan", Faransa ta ce nan,
Sama da hamsin ana kan nan,
Nun ɗaya ta raba mutum da gida.

Mai Sikeli:
Allah ya ƙara basira! Wannan shi ne sha'iri, sauran duk masu roƙo ne.

Jauro:
Don ya goya maka baya ne ya zama sha'iri. Da Bazazzage ne ya yi baitin da tuni ka samo masa targaɗe.

Baba Na-Fagge:
Damagaram ta yi magana mai hankali, lallai a duba ko za a yi ruwa gobe.

'Yar Yerwa:
Na shigo a makare, tun jiya ba mu da wuta. Baba, Allah ya ƙara girma, amma "har abada" ɗin nan taka ta tsaya min a maƙogwaro. Neman amsa-amo bai kai a rufe wa mutane ƙofa ba. Kun yi ta lissafin jirage da gaɓoɓi, ba wanda ya ambaci mutum dubu ɗari uku ko kusa da haka da suka bar gidajensu.

Kuna ta faɗa a kan ɗango,
Unguwar Magariba ta zam kango,
Don a buɗe fili gaban bango,
Gida sama da ɗari aka kada.

Mata da yara, ƙunshi a kai,
Sun nufi Jodan don tsira da rai,
Wasu karo na biyu ke nan dai,
Suna tsallaka karyayyar gada.

Kuma kar ku ɗauka abin nesa ne. A tsohon birnin Ƙudus, dab da ɗaya daga ƙofofin Masallacin Aƙsa, akwai unguwar 'yan Afirka, jikokin alhazan da suka fito daga Najeriya da Chadi da Sudan da Senegal suka zauna, har da Hausawa. Fatima Barnawi a cikinsu ta fito, mahaifinta ɗan Najeriya ne. An kama ta a Oktoban 1967 kan bam da aka ajiye a wata silima bai tashi ba, ta yi shekara 10 a kurkuku. Ku sake karanta sunan, ku gaya min garin su wa.

Jauro:
Na san a rina.

Kai jama'a, ku ji Babarbari,
Ko'ina sai ya ce nasa gari,
Gobe ya ce shi ya yi Ƙudus tun fari,
Tsagar fuska ita ce shaida.

'Yar Yerwa:
Jauro, koma ka bi saniya,
Tarihi ba ya cikin ƙwarya,
Sarakunanmu sun share hanya,
Sun gina a Masar, kana dawa da sanda.

Masaukin ɗalibai na Kanem a Alƙahira tun ƙarni na 13. Je ka tambaya, bawana.

Bazazzage:
Hajiya ta kashe bakin tsanya. Jauro, yau ba ni da abin da zan cece ka da shi. Amma Baba, ban gama da kai ba. Wata guda bayan nan namu yaƙin ya ɓarke, 6 ga Yuli. Jiragen Mig da Tarayyar Sobiyet ta kawo wa Gowon, a filin jirgin Kano aka sauke su, kuma matuƙan Masar na cikin waɗanda suka tashe su.

Waɗanda kake wa dariya,
Su suka tuƙa wa Najeriya,
Kano ta gani da ido, ba ƙarya,
Kun ci moriyar ganga kun yada.

Baba Na-Fagge:
Ai dole su zo mana, ɗana. Direban da motarsa ta ƙone a tasha, duk wanda ya miƙa masa makulli karɓa zai yi.

Na-Maiwurno:
Gaisuwa daga Sudan, kwana biyu intanet ta ƙi. Kakana yana cikin taron da ya tarbi Nasir a Khartum ƙarshen Agustan 1967. Ya ce in ka ga jama'a a kan titi sai ka rantse mai nasara ne ya sauka, ba wanda aka ci da yaƙi ba. A zuwan nan ne aka sasanta shi da Sarki Faisal na Saudiyya kan Yaman, a gidan Firaminista Mahjub.

A Khartum aka ce a'a uku,
Ba sulhu, ba zama da ku,
Ba amincewa da ƙasarku,
Shekara goma, Sadat ya yarda.

Sadat shi ne ya gaji Nasir. Khartum ɗin da kanta a 2020 ta ce to. Ni dai ban ce komai ba.

Bazazzage:
Ka ce mana, tunda ka rera. Amma ka tsallake 1973.

Sadat ya je bayan ya rama,
Cikin azumi ya samu dama,
Katangar Bar Leb aka gama,
Da mesar ruwa aka narkar da tudun hamada.

Sina ta dawo hannun Masar a 1982. Wanda bai taɓa karɓo ko akuya daga hannun ɓarawo ba ya yi shiru.

Jauro:
Zazzau ta dawo da ƙarfinta! Na-Maiwurno, a sha shayi a huce.

Baba Na-Fagge:
Sina ta dawo, Golan fa? Isra'ila ta shimfiɗa dokarta a kai tun 1981. Ni tun farko ba Nasir nake zagi ba, akwatin nan nake tuhuma, kuma ba na Masar kaɗai ba. Ranar 10 ga Yuni rediyon Siriya ya sanar cewa garin Kunaitira ya faɗi tun sojan Isra'ila bai shiga ba. Sojojin da ke fagen daga suka ji, kowa ya kama gabansa.

Na Alƙahira ya ce mun ci,
Alhali soja na wulaƙanci,
Na Damaskus ya yi ganganci,
Ya ce gari ya faɗi, ba shaida.

Ministan tsaron da ya sa hannu,
Ya hau karaga sannu-sannu,
Ya kora jama'a kamar shanu,
Ya mutu ya bar wa ɗa ya gada.

Hafiz Assad na Siriya nake nufi.

'Yata ta Yerwa, na janye "har abada", kin fi ni gaskiya. Bari in ba ki ƙarshen labarin shagonmu. Daren Juma'a, 9 ga wata, Nasir ya fito da kansa yana jawabi. Muryar ta sauya, ko mu da ba ma jin Larabci mun gane. Muka zuba wa malam ido. Ya saurara, ya saurara, ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya sa takalmansa ya fita bai ce uffan ba. Sai washegari muka ji a sashen Hausa na BBC cewa murabus ya yi, ya miƙa wa Zakariyya Muhyiddin, kuma jama'a sun cika titunan Alƙahira sai da ya janye. Mahaifina ya zare batir ya sa a ƙarƙashin teburin yanka. Sai da yaƙinmu ya fara ya mayar da shi.

'Yar Yerwa:
Allah ya jiƙan mahaifinka da malam, Baba. Wannan da ka sa shi a baiti.

Jauro:
Goron fa, an dawo da shi?

Baba Na-Fagge:
Wa zai dawo da goro a Fagge? Malam kaɗai ya ɗebi goma.

Mai Sikeli:
Amin ga addu'a. Bazazzage, "Da mesar ruwa aka narkar da tudun hamada", gaɓa 15. Ka karɓe kambin daga hannun Baba. Sabon Shiga kuma baitinka ɗango uku ne, na huɗun yana ina?

Bazazzage:
Katangar ce mai tsawo, Malam, dole mesar ta kai. Caji na ya kusa ƙarewa. Gobe da asuba zan zo maka da amsa-amon "li", ka tanadi sikelin.